Disamba a ƙaramin garin Meksiko: amsa ga mai tambaya kan ƙanenta da aka gayyata hutu

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatun digiri na biyu a birnin Morelia da ke ƙasar Meksiko. Wani abokin karatunsa ya gayyace shi ya je garinsu ya yi hutun ƙarshen shekara, wai ƙaramin gari ne a gefen tafkin Pátzcuaro. Hankalin mahaifiyarmu bai kwanta ba, don mu abin da muke ji game da ƙasar bai wuce labarin masu safarar ƙwaya da harbe-harbe ba. Don Allah yaya rayuwar yau da kullum take a irin wannan gari a lokacin bukukuwansu na sanyi? Me suke yi, me suke ci, kuma yaro Musulmi zai iya zama a cikinsu ba tare da ya takura ko ya takura musu ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya ba ƙanenki sa'ar abin da ya je nema. Tambayarki uku ce a dunƙule: yadda gari yake wayewa ya kwana a wannan wata, abin da ake sa ran baƙo zai yi, da kuma ko akwai abin tsoro. Yankin da kika ambata na san shi ta dalilin aikina, domin na yi binciken irin masara tare da manoman garuruwan da ke kewaye da tafkin, kuma mai aikin masara ba ya barin gona a Disamba, don lokacin girbinsu ke nan. Saboda haka bayanina ya tsaya ne kan tsaunukan jihar Michoacán, wadda Morelia da tafkin ke cikinta. Meksiko ƙasa ce mai mutum miliyan 126 a ƙidayar 2020, kuma al'adar mutanen bakin teku ko na kan iyakar Amurka daban take da wadda zan faɗa.

Su a wurinsu sha'anin bai tsaya ga ranar Kirsimeti kaɗai ba. Yana somawa ne daga 12 ga Disamba, ya kai 6 ga Janairu, har ma ya ja jela zuwa 2 ga Fabrairu. Kuma duk da ana kiransa hutu, a ƙaramin gari babu watan da ake shan aiki kamarsa. A cikinsa ake girbi, a cikinsa matafiya ke dawowa, a cikinsa ake aure da suna, a cikinsa kowane gida yake sauke nauyin zumuncin da ya hau kansa a shekara. Wanda aka gayyata a irin wannan lokaci an ɗauke shi da daraja ƙwarai, domin ba ɗakin otal za a ba shi ba, cikin hidimar gida za a shigar da shi. Ra'ayina tun daga farko shi ne ya je, amma ya je da sani.

Sanyi, injin markaɗe da girbi

Pátzcuaro yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,100, ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Ruwa yana ɗaukewa wajen Oktoba, sai sama ta washe garau. Da hantsi rana tana da daɗi har mutum ya tuɓe rigar sanyi, amma tana faɗuwa bayan duwatsu jiki zai gaya masa. Wasu ranakun da asuba akan tarar raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Gidajen na tubalin ƙasa ne ko bulo, wasu na katako, kuma ba a saba sa musu abin ɗumama ɗaki ba. Barguna ake jibgawa, a taru a madafa kusa da murhu. Ki gaya masa ya tafi da rigar sanyi mai kauri, safa da hula. Ki kuma ja masa kunne kada ya yarda ya kwana a rufaffen ɗaki da kaskon gawayi, domin hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane a ƙasar duk lokacin sanyi.

Gari yana tashi tun duhu bai yaye ba. Abin da ke fara motsi shi ne injin markaɗe. Mata sukan fito lulluɓe da mayafinsu mai duhun shuɗi da siraran ratsi, kowace da bokitin masarar da ta dafa tun daren jiya, su yi layi. Wannan dahuwa ita ce ginshiƙin abincin ƙasar gaba ɗaya: ana tafasa busasshiyar masara da ƙonannen farin dutse da suke kira cal, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke a markaɗa. Daga wannan ƙulli ake yin tortiya, faifan gurasar masara da ake gasawa a kan faranti ba mai ba gishiri, a ci da komai sau uku a rana. Ni da nake aikin masara, wannan dabara tana daga cikin abubuwan da na fi girmamawa a wurinsu. Dafa masara da cal yana sakin sinadarin niyasin da jiki ba ya iya samu daga masarar da aka niƙa haka kawai, yana ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi, yana kuma rage gubar da funfuna ke bari a hatsi. Lokacin da masara ta bazu a duniya ba a tafi da wannan ilimi ba, shi ya sa wuraren da suka dogara da ita kaɗai suka sha fama da cutar fata ta pelagra.

Bayan injin sai ƙararrawar coci, sai mai sayar da burodi, sai motar tukunyar gas tana zagaya unguwa da lasifika. A bakin dandalin tsakiyar gari mata na zaune da manyan tukwane suna sayar da kunun masara mai zafi, wanda suke kira atole. Kowane gari yana da ranar kasuwarsa, kuma a Disamba kasuwar takan cika da rake, lemo, gwaba, gyaɗa, kyandir da jan furen nan da ake kira furen daren Kirsimeti, wanda asalinsa ɗan ƙasar ne.

Maza da samari kuwa suna gona. Ana barin masara ta bushe a jikin kara, sannan a bi ta layi-layi da hannu, ana farke ɓawon da wani ɗan tsinken ƙarfe ana jefa goyon a buhu. Gonar gargajiya ba masara kaɗai ce a ciki ba, da wake da kabewa a haɗe. Idan aka kawo gida akan baje ta a tsakar gida ko a saman rufin ciki na ɗakin katako, kuma a nan mutum zai ga abin da ido bai saba gani ba: fara, rawaya, ja, shuɗiya, da wadda ta kusa zama baƙa. Tsofaffi da matan gida su ke zaɓen iri, goyo bayan goyo, kuma ba su yarda kowa ya yi musu wannan aiki. Masarar da muke ci daga can ta fito. A kwarin kogin Balsas, kudu da wannan yanki, aka fara mayar da wata ciyawar daji masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma har yau ƙasar tana da asalin iri kusan 60. Idan ƙanenki ya ce zai bi su gona ko da na yini ɗaya ne, zai samu shiga a zuciyar dattawan gidan fiye da duk tsarabar da zai kai. Ranar da aka gama girbin gona, mai gonar yakan ciyar da duk wanda ya taya shi.

Masu dawowa daga Arewa

Idan suka ce Arewa, Amurka suke nufi. Michoacán tana cikin jihohin da suka fi tura mutane can, kuma abin ya daɗe. Ya yi ƙarfi ne da shirin ɗaukar leburorin gona da ƙasashen biyu suka gudanar daga 1942 zuwa 1964, daga nan ɗa ya bi uba, ƙane ya bi wa. A 2023 kuɗin da 'yan Meksiko mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 60, kuma jihohin Michoacán, Guanajuato da Jalisco su ne kan gaba wajen karɓa. Daga farkon Disamba sai ki ga manyan motocin a-kori-kura masu lambar Kalifoniya, Teksas da Ilinoyi sun fara shigowa gari, an lafta musu kaya an ɗaure da igiya. Wasu a ayari suke tahowa don gudun 'yan fashi da masu tatsar kuɗi a hanya, har gwamnati tana da shiri na musamman tun 1989 don kare waɗannan matafiya. Idan kin san yadda garuruwanmu ke cika idan 'yan ci-rani suka dawo Sallah, to kin san rabin labarin.

Gidaje masu bene da suka shafe wata goma sha ɗaya a kulle sai a buɗe su a share. Yara da aka haifa a Shikago suna yawo a dandali, Turancinsu ya fi Sifaniyancinsu, kakanninsu kuma wasu harshen Purépecha suka fi sakewa da shi, wato harshen mutanen asalin yankin. Saboda a wannan wata ne kaɗai dangi ke cika, sai a tara duk wani sha'ani a cikinsa: aure, baftismar jarirai, bikin cikar yarinya shekara 15. Asabar ɗaya sai a ɗaura aure biyu ko uku, makaɗan ƙaho da ganga su kwana suna busa, a tare titi da rumfa. Akwai kuma wasan hawan bijimi da ake yi a fili, wanda samari ke rububinsa. Duk wanda ke gidan da aka gayyata, shi ma an gayyace shi, don haka ƙanenki ya tafi da kaya masu kyau ko da kala ɗaya. Idan yana da kaftani da hula ya sa abinsa, za su ji daɗi.

Akwai ɓangaren da ba a nunawa a hoto. Waɗanda ke dawowa su ne masu takardun zama. Miliyoyin da suka tsallaka ba takarda ba su da halin zuwa, domin in sun fito komawa sai an sake sayar da rai a hamada. Na zauna a gidajen da uwa ta shekara goma ko fiye ba ta sa ɗanta a ido ba, shi ya gina gidan, shi ya sayi naman da ake ci, amma sai dai a jingina waya a jikin kofi a kan tebur ya ga mutane ta bidiyo. Ƙanenki ya lura da wannan, kada ya yi ta tambayar ina wane, me ya hana shi zuwa.

Game da kuɗi, dokar ƙwadago ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya biya su garaɓasar ƙarshen shekara, aƙalla albashin kwana 15, kafin 20 ga Disamba. Sai dai fiye da rabin masu aiki a ƙasar ba su cikin aikin da ke da rajista, kuma a ƙauye su ne mafi yawa. Manomi da mai saƙa da mai kamun kifi da adashi suke shirya wa Disamba, ko da abin da ɗan'uwa ya aiko, ko a sayar da dabba. A garuruwan Purépecha kuma akwai tsarin da ake ɗora wa wani gida nauyin hidimar wani waliyyin coci na tsawon shekara: su ajiye siffarsa a gidansu, su sayi furanni da kyandir, su biya makaɗa, su ciyar da duk wanda ya zo ranar bikin. Babbar daraja ce, mutum ba ya zama dattijon da ake jin maganarsa sai ya taɓa ɗauka. Amma nauyi ne mai karya ƙugu, na ga waɗanda suka shekara suna biyan bashinsa, kuma mafi yawan wahalar a kan mata take sauka, su ne ke kwana a bakin murhu.

Daga 12 ga wata zuwa daren 24

A garin Pátzcuaro kansa ana fara taruwa tun 8 ga Disamba don bikin wata siffar Nana Maryamu da ke babban cocin garin, wadda aka yi tun ƙarni na 16, zamanin bishop na farko na yankin, Vasco de Quiroga, da ɓargon karan masara. Amma ranar da ta game ƙasa duka ita ce 12 ga wata, ranar Maryamu da suke kira ta Guadalupe. Mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda su ne kusan kashi 78 cikin ɗari na jama'a a ƙidayar 2020, sun yi imani cewa Maryamu ta bayyana ga wani talaka ɗan asalin ƙasar mai suna Juan Diego a tudun Tepeyac, wanda yanzu yake cikin birnin Meksiko, a 1531. Miliyoyi ke tafiya can birnin Meksiko a wannan mako, wasu a ƙasa, wasu a keke, wasu suna gudu da wutar yula suna miƙa wa juna har garinsu. A ƙaramin gari tun tsakar dare ake fara waƙe a coci da harba rokokin wasa. Baƙon da bai sani ba zai zabura ya ɗauka harbi ne. Wannan ƙara za ta bi shi har Janairu, da asuba, da rana, da dare.

Daga 16 zuwa 24 ga wata ake yin darare tara da suke kira posada. Al'adar ta samo asali ne daga ƙarshen ƙarni na 16, a gidan 'yan zuhudu na Acolman kusa da birnin Meksiko, kuma tana kwaikwayon labarin da ke wurin Kirista cewa Maryamu da Yusufu sun isa Baitalami suna neman masauki ba su samu ba. Kowane dare wata unguwa ko wani layi ke karɓar baƙunci. Bayan faɗuwar rana jama'a su jeru da kyandir, yara a gaba ɗauke da siffofin matafiyan biyu. A tsaya a ƙofar gida, na waje su rera baiti suna roƙon masauki, na ciki su amsa da baiti suna korarsu, a wuce gida na gaba. A gida na ƙarshe sai a buɗe ƙofa kowa ya shiga. Ana yin addu'o'insu da carbinsu, daga nan kuma sai abin da yara ke jira: a rataye tukunya da aka lulluɓe da takarda mai launi, mai ƙaho bakwai da ke nufin manyan zunubai bakwai, cike da gyaɗa, lemo, guntayen rake da alewa. A ɗaure wa yaro ido a ba shi sanda, sauran suna waƙa, har wani ya fasa ta a yi wawaso. Kowane yaro kuma a ba shi ɗan ƙunshin alewa ya tafi da shi. Kuɗin duk wannan karo-karo ne na mutanen layin, kuma kowa ya san wanda ya bayar da wanda ya noƙe.

A wasu garuruwan ana ƙara wasan kwaikwayo na makiyaya da shaiɗanu masu tare musu hanya, da raye-rayen masu sanye da fuskar katako, wanda mafi shahararsa shi ne rawar tsofaffi: samari ne ke shigar tsofaffi, su dogara sanda suna rangaji, can sai su ɓarke da tsalle suna buga takalmin katako a ƙasa.

Daren 24 shi ne ƙololuwa, ba ranar 25 ba. A je coci da dare, a dawo a kwantar da 'yar siffar jariri, wato Annabi Isa, a cikin kwaikwayon garken da kowane gida ya ƙawata a falo, a zauna cin abinci wajen sha ɗaya ko sha biyun dare. A wasu unguwanni akan hura wuta a ƙofar gida a zauna hira har asuba. Ranar 25 gari tsit yake, shaguna a rufe, ana ɗumamen abin da ya rage.

Abin da ke cikin tukunya

Nan ne ya fi buƙatar buɗe ido, domin alade ya shiga abincin yankin sosai, kuma ba a nama kaɗai yake ba. Garin Quiroga da ke bakin tafkin da soyayyen naman alade ya yi suna a ƙasar duka. Wanda ake gani da ido mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne kitsensa, da suke kira manteca. Da shi ake kwaɓa ƙullin tamal, wato dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, wanda shi ne abincin biki na ɗaya. Da shi ake soya dakakken wake, yana shiga wasu nau'o'in burodi da gurasar alkama. Farfesun masara da ake kira pozole galibi da kan alade ake yi, ko da yake wasu na yi da kaza. Uwar gida za ta iya rantsewa babu alade a abinci, da zuciya ɗaya, saboda ita nama take nufi. Don haka ya tambayi kitsen da sunansa: sin manteca, wato ban da kitse.

Abin da zai ci hankali kwance yana da yawa. Tortiyar masara ba komai a cikinta sai masara, ruwa da cal. Akwai wake dafaffe a tukunya kafin a soya shi, ƙwai, cuku, fiya wadda jihar ta fi ko'ina a duniya nomanta, ganyen murtsunguwa da ake yankawa a dafa, shinkafa, da ƙananan kifin tafki da ake soyawa ƙarau, sai dai ya tambayi man da aka soya da shi. Kusan kowane gida a ƙauye yana da kaji ko talo-talo, kuma idan ya sayi kaza ya ce shi zai yanka da kansa, ba wanda zai ga baƙon abu a ciki, su ma a gida suke yankawa. Batun cin yankan ma'abota littafi kuwa na malamai ne, ya tambayi wanda ya amince da iliminsa kafin ya tafi.

Abin shan wannan lokaci, ponche, zai ji shi kamar ya san shi, domin kayan haɗinsa rake ne, gwaba, tsamiya ko zoɓo, kirfa da mazarƙwaila, sai wani ɗan itace mai kama da ƙaramin tuffa da ake kira tejocote, a tafasa a sha da zafi. Asalinsa ba giya a ciki, yara ma shi suke sha, amma manya kan tsiyaya barasar rake a kofinsu. Ya ce sin piquete, za a ba shi tsurarsa. Akwai wani abin sha mai kauri launin ƙwai da ake kira rompope, wannan da giya a ciki. Ruwan famfo kuma ba a sha, kowane gida da babbar gorar ruwan sayarwa yake amfani.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce abokin ya gaya wa mahaifiyarsa komai tun kafin su iso. Ƙin cin abin da aka zuba maka abu ne mai ciwo a wurinsu, musamman ga matar da ta kwana tana girki. Amma idan ta sani da wuri, abin da na gani shi ne za ta ware tukunya guda ta kwaɓa da man gyaɗa ko na masara, ta yi alfahari da hakan, ta kuma tsare baƙonta daga duk wanda zai miƙa masa abin da ba ya ci.

Ibada da zama da mutane

Musulmin ƙasar ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2020, don haka kada ya sa ran masallaci ko kiran salla, kuma da yawa daga mutanen garin shi ne Musulmin farko da za su gani. Ya tafi da dardumarsa da abin da zai yi buta da shi, don ban-ɗakinsu ba a ajiye ruwan tsarki. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas. Karnuka suna shiga tsakar gida, sai ya zaɓi wurin salla a ɗakin da aka sauke shi. Mutane ne masu riƙo da addininsu, kuma a iya zamana da su, mai addini ya fi saurin fahimtar mai addini. Abin da ni na ɗauka wa kaina shi ne in tsaya daga baya ko daga waje idan ana addu'a, ba na durƙusawa, ba na sumbatar siffar jariri idan ana zagayawa da ita a daren 24, sai in sa hannu a ƙirji in ɗan ja baya. Idan aka koma ci da hira sai in shiga. Iyakar abin da ya halatta ya halarta, wannan ma tsakaninsa ne da malaminsa. Abin da zai buɗe masa hira da tsofaffin gidan shi ne ya gaya musu akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, domin yawancinsu ba su taɓa ji ba.

Gaisuwa tana da nauyi. Idan ya shiga ɗaki ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya fara da manya, ya kira namiji don, mace doña kafin sunansu. Mata kan miƙa hannu ko kunci. Idan ba ya musafaha da mata, hannu a ƙirji da sakin fuska sun wadatar, muddin abokin ya yi bayani. Za a kalle shi sosai saboda baƙar fata ba ta da yawa a tsaunukan, yara ma su biyo shi, mafi yawa don mamaki ne. Kada ya miƙa wa masu gida kuɗin masauki. Kwandon 'ya'yan itace, ko dabino, ko ya ce shi zai cika tukunyar yara ta dare ɗaya, ya fi dacewa.

Maganar tsaro

Damuwar Mama tana da tushe. A Michoacán ne gwamnatin Shugaba Felipe Calderón ta fara tura sojoji yaƙi da masu safarar ƙwaya a Disamban 2006, kuma har yau ƙungiyoyin suna nan, suna karɓar kuɗin dole daga manoman fiya da lemon tsami. Sai dai abin ya fi tsanani a yankin zafi na kudu maso yamma, wajen Apatzingán da Aguililla, sai kuma Uruapan da Zamora. Garuruwan bakin tafki, waɗanda ke da tafiyar kamar awa ɗaya daga Morelia, sun fi kwanciyar hankali, baƙi masu yawon buɗe ido ma suna zuwa. Yanayi yana canzawa, don haka maganar mutanen gidan a makon tafiyar ita ce abin bi. Ya yi tafiya da rana, a motar haya ta tasha, kada ya bi hanyar ƙauye da dare, kada ya ɗauki hoton mutane ko motocin da bai sani ba, kada ya tsoma baki a hirar su wane ke riƙe da gari. Katin izinin zamansa ya kasance a jikinsa kullum, domin jami'an shige da fice suna tare hanyoyi saboda masu ratsawa zuwa Amurka, kuma baƙar fata ya fi saurin jan hankalinsu.

A ganina haɗarin da ya fi kusa da shi na bikin ne kansa: direban da ya sha ya bugu bayan ɗaurin aure, masu harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, da wasan wuta. A ranar 20 ga Disamban 2016 kasuwar kayan wasan wuta ta garin Tultepec, kusa da birnin Meksiko, ta fashe, mutum 42 suka rasu. Idan ana ƙona hasumiyar wuta a dandali, ko wani ya ɗora siffar bijimi mai tartsatsi a ka yana bin jama'a da gudu, ya kalla daga nesa. Ku karɓi lambar wayar abokin da ta wani babba a gidan, ku kuma nemi a haɗa Mama da uwar gidan ta bidiyo ko da gaisuwa ce da hannu, yana sa su ji amana ce aka ba su.

Idan ya tambaye ni kwanakin da suka fi, zan ce ya isa wajen 20 ga wata, ya ga darare na ƙarshe na posada da daren 24, ya taɓa girbi, ya koma Morelia kafin daren 31, wanda shi ne daren da shaye-shaye ya fi yawa. Idan kuma hidimar coci ce yake son ragewa, ya je bayan sabuwar shekara. A lokacin motocin Arewa sun fara juyawa, aljihu ya yi sanyi, layin masu jinginar da kaya ya fara tsawo a birane, gari ya koma hannun masu shi. Yara a wannan yanki ranar 6 ga Janairu suke samun kyautarsu, ranar tunawa da masanan nan uku da suka kai wa jariri tsaraba a labarin Kirista. A ranar ake yanka wani zagayayyen burodi mai zaƙi da aka ɓoye 'yar tsana a cikinsa, kowa ya yanki rabonsa da hannunsa. Wanda ta faɗo a nasa, shi zai ciyar da mutanen wurin da tamal ranar 2 ga Fabrairu, kuma ba a yafe wa baƙo. Idan ta faɗo masa, ya ba uwar abokin kuɗin masara da kaza da man gyaɗa tun da wuri, ya kuma sa ranar a lissafinsa, domin za su jira zuwansa.